Wai Attahiru gudu ya yi? Ku je Burmi ku gani

Kwana biyu ke nan maganar nan tana ci mini rai. Wasu samari sun dage a Facebook wai Turawa sun ci ƙasar Hausa kamar an sha ruwa, wai ma Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da ya ga wuta sai ya ari ta kare. Har da masu tura hoton dariya a ƙasan rubutun. Wallahi abin ya yi mini zafi.

Eh, an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903 a filin Giginya, ba mai musun wannan, masu doki da mashi ne a gaban bindiga mai ruwa. Amma mutumin da ya gudu don ya tsira da ransa ai shi kaɗai yake sulalewa cikin dare, ba ya tafiya da tuta jama'a na bin sa gari bayan gari, manoma na barin gona ana dab da shuka, malamai da mata da yara duk sun nufi gabas, har abin ya tayar wa Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, da hankali ya sa sojoji su bi sawunsu. Hijira sunan wannan, kuma Attahiru bai ƙirƙiro ta ba, kakan mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya yi irinta daga Degel zuwa Gudu a 1804.

To ga Burmi nan kusa da Bajoga a jihar Gombe, inda tafiyar Attahiru ta ƙare. A watan Mayu na shekarar aka fara gwabzawa, mutanen garin suka tsaya bayan ganuwarsu har Turawa suka janye. Sai da suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, aka wuni ana yi. Manjo Marsh da ya jagoranci harin a nan ya mutu. Attahiru ya yi shahada, gawarwakin mutanensa fiye da 600 a kwance, sannan aka cinna wa garin wuta. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa har gobe. Wannan ne gudun?

Masu cewa ai da ya sallama kamar wasu da an huta, na ji, Wazirin Sakkwato Buhari ya zauna ya yi sulhu da Turawa kuma yana da hujjarsa, amma wannan bai ba kowa lasisin zagin wanda ya ƙi ba.

Ni dai laifin ba na yaran nan ba ne su kaɗai. Ran nan na tambayi ɗan ƙanwata, yana aji biyu a babbar sakandare, ko ya san Burmi, ya yi shiru yana sosa ƙeya, can ya ce ko sunan unguwa ce a Kano. Amma labarin Mungo Park, Baturen nan mai yawon bincike, ya kawo mini shi tiryan-tiryan. Shekaru aka yi an cire darasin tarihi daga makarantu, me kuke jira ya fito?

Gwamnatin Gombe da Majalisar Sarkin Musulmi su haɗa kai su gyara wurin nan, a kewaye kaburburan, a kafa allo da Hausa da Fulatanci da ajami, a riƙa kwasar ɗalibai a mota ana kai su duk 27 ga Yuli su tsaya a filin da ƙafarsu.