Balamban: garin da ke ƙera jiragen da ba ya hawa

A tashar jiragen ruwa ta Kamsar da ke ƙasar Gini, inda ake lodin boksit, ma'adinin da ake fitar da alminiyam daga cikinsa, jirgin da tsawonsa ya haura mita 229 ba shi da wurin tsayawa. Wani kamfanin Japan mai suna Tsuneishi ya dubi wannan ƙa'ida, ya zana jirgin dakon kaya daidai wannan tsawo, mai ɗaukar tan 82,000 ko kusa da haka, aka raɗa wa samfurin suna Kamsarmax. Sunan na Afirka ta Yamma ne, zanen na Japan, amma da yawa daga cikin jiragen a wani gari na ƙasar Filifin ake haɗa su, garin da ko a taswira sai ka duƙa sosai kafin ka gan shi. Sunansa Balamban.

Garin yana gaɓar yamma ta tsibirin Cebu. A gabansa mashigin ruwan Tañon ne, wanda ya raba Cebu da tsibirin Negros, a bayansa kuma duwatsu ne da suka tsaga tsibirin gida biyu. Asturias na arewa da shi, Toledo na kudu, babban birnin Cebu kuma yana can ƙetaren duwatsun ta gabas. Faɗin ƙasarsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 330, amma kada wannan ya ruɗe ka: mafi yawanta tudu ne da kwazazzabo, fili shimfiɗaɗɗe siririn zare ne a bakin ruwa. An kasa garin zuwa unguwanni 28 da suke kira barangay, kalmar da ta fito daga balangay, sunan kwale-kwalen da kakanninsu ke ratsa teku da shi. Ka ga mutanen da ko unguwa da sunan jirgi suke kiranta, ba baƙi ba ne a harkar ruwa.

Mutanen garin na ba da labarin cewa sunansa ya samo asali ne daga balang-balang, wato mutum biyu su sarƙe hannuwa su yi wa na uku kujera, kamar yadda aka ce ana yi wa Sifaniyawa 'yan mulkin mallaka idan za a haye da su kogi. Ko gaskiya ne ko ƙagen baka, labarin ya yi wa garin daidai. A daren 17 ga Maris na 1957, jirgin sama ɗauke da shugaban ƙasa Ramon Magsaysay ya tashi daga Cebu zuwa Manila, babban birnin ƙasar, bai yi nisa ba ya rafka da dutsen Manunggal da ke cikin ƙasar Balamban. Mutum ɗaya kacal ya tsira, wani ɗan jarida mai suna Nestor Mata, jikinsa duk ƙuna. Manoman kan dutsen ne suka ɗauko shi a kafaɗa, suka yi ta gangarowa da shi sa'o'i da dama har bakin gari. Shekaru kusan arba'in bayan haka, in an ambaci Balamban a sauran sassan ƙasar, wannan hatsari ake fara tunawa. In ban da shi, gari ne na masunta da manoman masara da kwakwa.

A 1994 al'amura suka juya. A shekarar ne Tsuneishi, kamfanin da ke da tushe a Fukuyama ta lardin Hiroshima, ya haɗa jari da iyalan Aboitiz, attajiran Cebu, suka kafa ma'aikatar ƙera jiragen ruwa a bakin gaɓar garin. Ruwa ba ya tsami banza. Kuɗin Japan ya yi tsada tun bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla don rage darajar dala, ladan ma'aikaci a can ya hau, Koriya ta Kudu kuma ta matsa wa masu ƙera jiragen Japan lamba da araha. Suna neman ruwa mai zurfi wanda igiya ba ta dukansa, da fili mai sauƙin kuɗi, da matasa masu jin Turanci da za a koya wa walda. Balamban na da duka ukun. A shekarar ne kuma mahaƙar tagulla ta Atlas da ke Toledo, maƙwabciyarsu, ta dakatar da aiki, ta bar dubban magidanta da suka san ƙarfe da inji a zaune. A 1995 gwamnatin shugaba Fidel Ramos ta yi dokar yankunan masana'antu na musamman, masu rangwamen haraji. Jirgi na farko, Sea Amelita, ya fito a 1997. Zuwa 2010 ma'aikatar ta kai ga ƙera Tenshu Maru mai ɗaukar tan 180,000. A 2011 kamfanin Austal na Ostareliya ya sayi wata ma'aikata a gefen, ya shiga ƙera jiragen fasinja masu gudu da alminiyam. Da irin waɗannan ayyuka Filifin ta taɓa hawa matsayi na huɗu a duniya a yawan jiragen da ake ƙerawa, bayan Sin da Koriya ta Kudu da Japan.

Ƙidayar jama'a ta nuna sawun wannan canji, ko da yake ba kamar yadda masu kirarin garin ke faɗa ba. A 1990 mutanen Balamban kusan 46,000 ne. A 2020 sun kai 95,136. Sun ninka, amma ita ma ƙasar gaba ɗaya ta tashi daga miliyan 60 da 'yan kai zuwa miliyan 109 a wannan tsakanin, don haka haihuwa ma ta yi nata aikin. Inda ma'aikatar ta bar tambarinta ƙarara shi ne tsakanin 2010 da 2015, lokacin da adadin ya yi tsalle daga 71,237 zuwa 87,177. Mutum dubu goma sha shida a shekara biyar ba goyo ba ne ya kawo su. Ci-rani ne: samari daga Negros da sauran tsibirai, da jakar kaya da takardar shaidar koyon walda. Su suka cika gidajen haya, su suka raya masu abinci da 'yan acaɓar da suke kira habal-habal. Ƙauyukan kan tudu kuwa, can wajen Manunggal, har yanzu kayan lambu da furanni suke nomawa suna kaiwa birni ta hanyar Transcentral mai kwana-kwana.

To, ina gizo ke saƙa? Ka leƙa cikin jirgin da ake haɗawa. Ba a fara shi daga gindi a hau sama kamar ginin ɗaki. Yanki-yanki ake yi, kowane yanki ya kai gida mai hawa biyu ko uku, sannan ƙugiya ta ɗaga ta jera, a liƙe. A can ƙasan jirgin akwai rufi biyu, tsakaninsu wasu akurki-akurki na ƙarfe da ake shiga ta wata ƙofa mai kamar bakin randa. Nan mai walda zai kwanta a gefe ɗaya, da rigar fata da gilashin fuska, ga zafin rana ya gasa ƙarfen daga waje, ga hayaƙi, ya ja layin walda wanda in an haska shi da na'ura ba za a ga ko ƙwayar kumfa ba. Wannan hannu na ɗan Filifin ne. Amma farantin ƙarfen da yake liƙawa daga waje aka kawo shi, domin ƙasar ba ta sarrafa irinsa yadda zai wadatar. Babban injin daga waje. Asalin zanen da sunan samfurin na Japan. Mai sayen jirgin yana Turai ko Tokyo. Kuma cikin ma'aikata fiye da dubu goma da ke shiga harabar Tsuneishi, mafi yawa ba ma'aikatan kamfanin ba ne kai tsaye, yaran 'yan kwangila ne, waɗanda in oda ta ja baya su ake fara sallama ba tare da wata hayaniya ba.

Wannan ya sa nake ganin laƙabin da ake yi wa garin, wai babban birnin ƙera jiragen ruwa na Filifin, ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ke ganin na cika baƙin baki ya dubi Subic, can arewa a tsibirin Luzon. Kamfanin Hanjin na Koriya ya sauka can a 2006, ya gina ma'aikatar da ta fi ta Balamban girma, ya ɗauki ma'aikata kusan dubu talatin a lokacin da kasuwa ke ci. A Janairun 2019 ya durƙushe, da bashin fiye da dala miliyan 400 na bankunan Filifin a wuyansa. Masu gidajen haya da masu tuwo-tuwo na Subic ba su ci bashin kowa ba, amma su ma sun biya.

Masu kare Balamban za su ce ba a haɗa Tsuneishi da Hanjin, kuma suna da hujja. Hanjin ya yi ta karɓar oda a farashin asara don ya cika harabarsa. Tsuneishi kamfanin iyali ne mai tafiyar hawainiya, ya tsaya a kan jiragen dakon kaya da ya ƙware a kai, ya shekara talatin da ɗoriya a garin, ya ratsa rikicin kuɗin Asiya na 1997 da na duniya na 2008 bai naɗe tabarmarsa ba. Yana tura matasa Japan koyon aiki, akwai kuma 'yan ƙasa da ke aikin zane a ofishinsa na Cebu. Na yarda da duk wannan, har ma zan ƙara: albashin walda ya fi jiran abin da koma za ta kamo, kuma sana'ar da ta shiga hannu ba mai ƙwace ta. Sai dai kamfanin yana da wata ma'aikatar a Zhoushan ta ƙasar Sin. Ranar da lissafi ya nuna can ya fi riba, ba a zauren majalisar Balamban za a yanke shawara ba. Kirkin baƙo abin godiya ne, amma ba a gina tsarin gari a kansa. Akwai ma wani lissafin da ba a cika yi ba: tun 1998 aka ayyana mashigin Tañon a matsayin ruwan da doka ke karewa saboda kifayen dolfin da sauran halittunsa, kuma duk faɗaɗa harabar masana'antu da cike gaɓa, masunta ne ke matsawa.

Laifin da nake gani na gwamnatin Manila ne fiye da na garin. Ƙasa ce mai tsibirai sama da 7,600, inda talaka ba shi da hanyar zuwa gida sai ta ruwa, amma kamfanonin sufurinta sun daɗe suna dogaro da jiragen gwanjo daga Japan. Doña Paz, jirgin fasinjan da ya yi karo da jirgin dakon mai a Disambar 1987 har mutum fiye da 4,000 suka halaka, an ƙera shi ne a 1963 a Onomichi, garin da ke maƙwabtaka da Fukuyama. Lodin wuce kima da sakaci ne suka yi wannan kisa, ba tsufa kaɗai ba, amma ya nuna irin darajar da ake bai wa fasinjan cikin gida. Da gwamnati ta samar wa masu jiragen ƙasar bashi mai sauƙi na dogon zango, ta tsaurara shigo da kwararraɓaɓɓun jirage, ta kuma tallafa wa masu yin fenti da bututu da wayoyin lantarki na cikin jirgi, da Balamban ta sami kasuwa ta biyu wadda ba ta tashi da faɗuwar farashin dako a Landan.

A 2023 ma'aikatar Austal ta Balamban ta miƙa Express 5, jirgin fasinja mai tsawon mita 115, sabo fil, wanda masu waldar Cebu suka haɗa da hannunsu. Yana can yana jigila a tekun Baltik, yana kai 'yan Denmark tsibirin Bornholm.