Kafin ka buɗe ajin koyar da dabarun kare kai

Kusan duk wanda ya daɗe yana atisayen karate ko judo ko takwando, musamman bayan ya ɗaura baƙar ɗamara, wadda ake ba ɗalibin da ya kai matakin ƙwarewa, yakan wayi gari da wata tambaya a ransa: shin lokaci bai yi ba da shi ma zai fara koyarwa? Wani malaminsa ne zai yi masa tayi, wani abokai ne za su riƙa zuga shi, wani kuma ganin yadda yara ke tururuwa zuwa wuraren horo ne zai sa ya fara lissafin abin da zai samu. Ra'ayina shi ne, ƙwarewa a fagen karawa ba ita ya kamata ta yanke wannan shawara ba. Abin da ya kamata mutum ya auna shi ne, ko a shirye yake ya karɓi amanar jikin wasu, ya kuma haƙura da wani kaso mai yawa na lokacin da yake ba nasa atisayen.

Mu fara da batun ɗamarar, domin a nan ne ruɗin ya fi yawa. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo ya kuma kafa makarantarsa ta Kodokan a birnin Tokyo a shekarar 1882, shi ne ya shigo da tsarin matakan daraja cikin judo, daga baya karate da takwando suka ara. A wannan tsari, matakin farko na baƙar ɗamara shaida ce cewa ɗalibi ya riƙe tushe, kuma akwai matakai da yawa a gabansa. Babu inda ɗamarar ta nuna cewa mai ita ya iya warware wa wani abin da jikinsa ya sani. Abin lura kuma shi ne, Kano malamin makaranta ne da ya shafe shekaru yana shugabantar kwalejin horar da malamai, haka ma Gichin Funakoshi, wanda ya kai karate Tokyo a 1922, ya daɗe yana koyar da yara a makarantun Okinawa kafin sannan. Ina ganin wannan gogewa tasu ta aji tana cikin dalilan da suka sa fasaharsu ta bazu a duniya.

Wanda ya fi kowa iya wata dabara sau da yawa shi ne ya fi shan wahalar koyar da ita, saboda ya manta ranar da bai iya ba. Ka duba yadda ake koya wa sabon ɗalibin judo faɗuwa. Malami zai sa shi ya tsuguna, ya danne haɓarsa a ƙirji, ya gangara da baya, ya bugi katifar da tafin hannu da damtse a daidai lokacin da bayansa ya taɓa ƙasa. Yaro zai yi sau goma, a na sha ɗaya ya saki wuya ƙeyarsa ta bugu, ko ya miƙa hannu don ya tokare, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ta karya tsintsiyar hannu. Aikin malami shi ne ya hango wannan kuskure kafin ya auku, ya gyara shi da kalmomin da ɗan shekara bakwai zai fahimta, sannan gobe ya sake gyara shi ba tare da tsawa ba. Idan tunanin maimaita wannan har tsawon shekaru yana gundurarka tun yanzu, to ka saurari zuciyarka da kyau.

Ba don tsoratarwa nake jaddada maganar amana ba. A Japan, mahaifar judo, binciken da Ryo Uchida na Jami'ar Nagoya ya yi ya nuna cewa ɗalibai fiye da 100 sun mutu a judon makarantu cikin kimanin shekaru talatin daga 1983, akasarinsu sababbin shiga, kuma raunin kai na kan gaba cikin musabbabai. A Taiwan, a 2021, wani yaro ɗan shekara bakwai ya rasu bayan an yi ta kayar da shi a aji, ƙarƙashin kocin da ba shi da lasisi. Faransa kuwa tun 1955 ta kafa dokar da ta tsara sana'ar koyar da judo, ta yadda sai mai takardar shaidar da hukuma ta amince da ita zai koyar don a biya shi. Ni ina goyon bayan irin wannan tsauri. Wanda zai tsaya a gaban aji wajibi ne ya san alamomin girgizar ƙwaƙwalwa, irin su jiri, amai, ciwon kai da ruɗewa, ya kuma san cewa wanda ya bugu a kai ba ya komawa kan katifa a wannan rana komai roƙonsa, domin bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya zama ajali. Ya kamata ya iya taimakon gaggawa da farfaɗo da numfashi, ya kuma san yadda ake haɗa abokan karawa bisa nauyi da shekaru da ƙwarewa.

Akwai wata amanar da ba ta jiki ba. Waɗannan wasanni an gina su ne a kan ladabi da biyayya, ɗalibi yana rusuna wa malami, yana yin abin da aka ce ba musu. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma tana ba malami iko mai yawa a kan yara da matasa, kuma iko yakan sauya mutum. Idan abin da ya fi jan hankalinka shi ne a riƙa girmama ka, gara ka dakata. Malamin kirki yana barin iyaye su zauna su kalli atisaye, ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kuma ba ya jin haushi idan ɗalibinsa ya je ya ƙaro ilimi a wurin wani.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Hayar wuri, katifu, kayan kariya, inshora da kuɗin rajista da ƙungiyar wasan duk suna jiranka tun kafin ɗalibi na farko ya biya, kuma yawancin waɗanda suka fara atisaye ba sa daɗewa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, saboda haka ban ga hikimar ajiye aikin da ke ciyar da kai a shekarun farko ba. Matsin kuɗi ne ke kai wasu malamai ga raba ɗamara ga waɗanda ba su cancanta ba don kada su gudu, kuma wanda ya fara wannan da wuya ya daina.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, koyarwa tana cinye atisayenka. Sa'o'in yamma da ka saba zufa a cikinsu za su koma na tsayuwa da kallo da gyara ƙafar wannan da kafaɗar wancan. Idan har yanzu kana da burin shiga gasa, kuma jikinka na iya ɗauka, ka bi burinka tukuna, domin shekarun gasa ƙididdigaggu ne, alhali ana iya koyarwa har furfura.

Ga wanda ya karanta duk wannan kuma sha'awar ba ta ragu ba, shawarata ita ce ya roƙi malaminsa ya ba shi ajin sababbin shiga a matsayin mataimaki, na tsawon shekara guda aƙalla, ya yi kwas ɗin koci na ƙungiyar wasansa a cikin wannan lokaci. Ya lura da kansa a ranar da mutum uku kawai suka zo, da ranar da ya gaji, da ranar da ɗalibin da ya fi sa rai a kansa ya daina zuwa ba sallama. A ƙarshen shekarar ya tambayi malamin nasa ya faɗa masa gaskiya, ko zai yarda ya damƙa masa ajin yara ya tafi gida hankalinsa kwance.