Tsohuwar Babbar Manhaja ko Sabuwa: A Fara Duba Ranar da Za a Daina Kula da Ita

Akwai wata magana da ta kama bakin masu kula da uwar garke (kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet da bayanai) a nan Kaduna, musamman waɗanda ke riƙe da shafukan makarantu masu zaman kansu da rumbunan bayanan ƙananan asibitoci, wato tunda manhaja tana aiki, kada a taɓa ta. Ina ganin girman wannan taka-tsantsan, domin duk wanda aka taɓa tasa da tsakar dare saboda shafin duba sakamakon jarrabawa ya tsaya ba ya wasa da sauyi. Sai dai ban yarda cewa daɗewar manhaja kaɗai ke sa a amince da ita ba.

Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne, har yaushe masu ita za su ci gaba da toshe ƙofofin da masu kutse ke ganowa? Ubuntu, alal misali, wadda ɗaya ce daga cikin manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, na fitar da zubi mai dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma kowanne na samun gyaran tsaro kyauta na shekara biyar. Na 20.04 ya cika wa'adinsa a 2025, na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 kuma 2029. Saboda haka wanda zai kafa sabuwar uwar garke ya ɗora mata tsohon zubi don ya saba da shi, ya sani cewa ya rage wa kansa shekara biyu tun kafin ya fara, kuma ƙaurar da yake gudu tana nan tana jiransa, wataƙila a lokacin da ya fi kowane lokaci cunkoson aiki. Ko alkawarin ma yakan sauya: an ce zubi na 8 na CentOS, wata babbar manhaja irin Ubuntu, zai kai 2029, amma aka rufe shi a ƙarshen 2021.

Wannan ba ya nufin a ruga a ɗauki sabon abu ranar da ya fito. A watan Maris na 2024 an gano wata ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa a manhajar xz mai matse fayiloli, kuma cikin waɗanda ta shafa akwai masu amfani da zubin gwaji na manyan manhajojin Debian da Fedora, ba masu zubi tabbatacce ba. Kamfanin Canonical mai Ubuntu da kansa ba ya buɗe hanyar ƙaura daga tsohon zubi sai gyara na farko ya fito, kamar 24.04.1 da ya zo a watan Agusta na shekarar. Idan masu abu sun jira wata huɗu, mu ma ya dace mu jira.

Uzuri ɗaya nake karɓa ga mai zama kan tsoho, shi ne manhajar da ake aiki da ita ba ta tafiya a kan sabo. Shafin da aka rubuta don zubi 7.4 na PHP (harshen rubuta shafukan intanet) da ke cikin 20.04 yana iya rikicewa a kan PHP 8.3 na 24.04. A nan sai a shiga tsarin Ubuntu Pro da ke tsawaita gyaran tsaro zuwa shekara goma, a kwafi bayanan zuwa wani wuri, a gwada sabon zubin a wata kwamfuta daban, sannan a zauna da mai makarantar a faɗa masa gaskiyar kuɗin gyaran shafin da watan da za a yi ƙaurar, zai fi kyau a lokacin dogon hutu.