Yawan ambato ba shi ne ma'aunin malami ba

Abin yana damuna, yadda ɗalibai a Yamai, har da wasu malaman Jami'ar Abdou Moumouni, suke buɗe Google Scholar, shafin intanet da ke ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci rubutun malami a nasu rubutun, su yanke hukunci: wanda aka fi ambaton rubuce-rubucensa shi ya fi ilimi. Ba su faɗi haka a banza ba, domin aikin da masana ke yawan komawa gare shi lalle yana da amfani.

Sai dai kowane fanni da al'adarsa. Masu nazarin muhalli sukan haɗu da yawa a kan maƙala ɗaya, ta fito da wuri, kuma duk ambaton da ta samu a lissafa wa kowannensu. A fannin tattalin arziki kuwa, mutum biyu ko uku ne ke rubutawa, maƙalar na iya shafe shekaru wajen masu tantancewa kafin mujalla ta buga. Ma'aunin h, wato ma'aunin ambato da masanin kimiyya Jorge Hirsch ya kawo a 2005, bai san da wannan bambanci ba. Wanda ke da h 10, ma'anarsa yana da maƙaloli 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, iyakarta ke nan.

A ɗauki malamin da ya yi shekaru yana bin farashin albasar Galmi, ya rubuta da Faransanci a mujallar gida. Scopus, wata ma'ajiyar intanet da ke ƙirga ambato, ba ta tattara galibin irin waɗannan mujallu, don haka lambarsa za ta fito ƙarama, alhali ma'aikatan gona a jihar Tawa suna aiki da bincikensa. In za a kwatanta shi, to a kwatanta shi da ƴan fanninsa waɗanda suka fara aiki lokaci ɗaya, bayan an karanta abin da ya rubuta.