Masu kallon shagunan wiwi a talabijin, ku zo ku shaƙi abin da muke shaƙa

Na gaji da guntayen bidiyon da ake turo min na masu sayar da tabar wiwi a jihar Colorado ta Amurka, ana haɗawa da "Yaya, ashe a garin kuɗi kake zaune ka yi mana shiru." Wallahi na gaji. Shirin da ake yanko su daga ciki, High Profits, tashar CNN ce ta nuna shi tun 2015. Labarin wani saurayi ne da budurwarsa da suka buɗe shagon wiwi a Breckenridge, garin kan duwatsu da masu hannu da shuni ke zuwa wasan sulɓi a kan ƙanƙara. Kyamara tana biye da su, ga layi a ƙofar shago, ga daloli ana ƙirgawa a kan tebur. Mai kallo ya ga haka sai ya yanke hukunci: Amurka ta halatta, masu wayo suna kwasa, saura kuwa barci suke yi. To ni a Aurora nake haya, gefen Denver babban birnin jihar, kuma rabona a wannan kasuwa shi ne hayaƙi a ɗakin da 'ya'yana ke kwana.

Bari in faɗa muku yadda abin yake, tunda shirin bai faɗa ba. A watan Nuwamba na 2012 mutanen Colorado suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi ga wanda ya kai shekara 21, shaguna kuma suka fara sayarwa ranar 1 ga Janairun 2014. Amma dokar ta hana sha a bainar jama'a. Ba a titi ba, ba a lambun shaƙatawa ba, ba a mota ba. To wanda ya saya ina zai kai ta? Ɗakinsa. Mai gidan kansa da fili sai ya sha abinsa, iska ta kwashe. Mu da muke cushe a dogon bene, bango ɗaya, bututun iska ɗaya, duk abin da na ƙasa ya kunna sai ya hau ya same mu. Lokacin sanyi abin ya fi muni, domin ba mai buɗe taga ƙanƙara na zuba, sai na'urar ɗumama ɗaki ta riƙa zagayawa da warin daga gida zuwa gida. Ƙaramar 'yata tana da asma. Tsakar dare za ta farka tana tari, ƙirji na kuka, uwarta ta tashi neman abin shaƙa mata, ni kuma in tsaya ina cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Rigar da zan sa in je sallar Juma'a sai na shanya ta a mota, don kada in shiga sahu a juyo ana kallona.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ofishin da ke karɓar kuɗin hayarmu. A takardar yarjejeniyar da na sa wa hannu, baƙi da fari an rubuta cewa ba a shan hayaƙi kowane iri a cikin ginin. Doka ta ba mai gida ikon hanawa, kuma sun ce sun hana. Ka je ka kai ƙara, a ce ka rubuto a imel. Ka rubuta, a ce ka kawo shaida. Wace shaida? Wari ake ɗauka a hoto? Ka ce a turo ma'aikaci ya hau ya ji da hancinsa, a ce ai sun tashi ƙarfe biyar, su kuwa masu sha sai dare ya raba suke farawa. Iyakar abin da suka taɓa yi shi ne manna takarda a bakin matakala ana "tunatar da kowa." Ranar da kuɗin haya ya yi lattin kwana ɗaya kuwa ba wanda ya manta lambar ɗakinka, tara tana nan tana jiranka. Na roƙi a mayar da mu wani ɓangaren ginin, aka ce babu ɗaki. Na ce to a sake ni in tashi, aka ce sai na biya kuɗin karya yarjejeniya. Su ne suka kasa cika alƙawarin da suka rubuta, ni ne zan biya. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Sai kuma ka ji masu kallo suna tausaya wa masu shagon. Wai an zalunce su, wai tsofaffin garin ne masu baƙin ciki suka kore su daga babban titi. Gaskiya ne an kore su: a watan Disamba na 2014 mutanen Breckenridge suka yi ƙuri'a, mafi yawa suka ce ba sa son shagon wiwi a babban titinsu, shagon ya koma bayan gari. Ni abin da na gani a nan daban ne. Garin masu kuɗi ya ce ba ya so a ƙofarsa, kuma aka ji maganarsa. Ku je Denver ku ga inda aka jibge rumbunan da ake noman wiwin a ciki: Globeville, Elyria-Swansea, Montbello, unguwannin ma'aikata da baƙar fata da 'yan asalin Meziko. Mutanen nan sun yi ta kukan wari har sai da birnin ya tilasta wa masu rumbunan su kawo tsarin tace iska. Wa ya bi su da kyamara mako-mako? Wa ya sa musu kiɗa mai taɓa zuciya? Hawayen mai shago ana nunawa duniya, na mai haya kuwa sai dai matashin kansa ya sani.

Kuɗin da kuke gani a tebur ma ba alamar daɗi ba ce. A dokar tarayya ta 1970 an jera wiwi a sahu ɗaya da hodar heroin, kuma har yau gwamnatin tarayya ba ta halatta shan ta don nishaɗi ba. Saboda haka manyan bankuna ke gudun kuɗin, masu shago suka koma tara tsabar kuɗi a akwatin ƙarfe, ɓarayi kuma sun san da haka. A 2016 aka harbe mai gadin wani shagon wiwi har lahira a nan Aurora. Kasuwar kanta ta daɗe da yin sanyi. Cinikin jihar ya haura dala biliyan 2 a 2021, daga nan ya yi ta sauka, farashi ya faɗi, ƙananan shaguna suna rufewa ko manya su haɗiye su. Kuna kallon hoton shekarun farko kuna ɗauka yau ne.

Ga kuma abin da ke hana iyaye barci. Wiwin nan ba a hayaƙi kaɗai take ba. Ana sa ta a alawa, a cakulan, a biskit, a lemo. Sai a 2016 jihar ta wajabta buga tambari a jikin kayan, sai a 2017 ta hana yin su da siffar dabbobi ko 'ya'yan itace, bayan yara sun riga sun sha wahala a asibitoci. Wani bincike da mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga a 2023 ya nuna cewa a faɗin Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara shida da aka kai rahoton sun ci irin wannan alawa sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Mu da muka tashi a inda maƙwabci ke miƙa wa ɗanka abin taɓawa ka ce an gode, yau muna koya wa yara kada su karɓi alawa a hannun kowa, kada su tsinci komai a farfajiya. Raina yana ɓaci duk lokacin da na maimaita musu wannan.

Amma mafi haɗari ga namu, wanda ya sa na zauna rubuta wannan, shi ne samarin da suka zo kwanan nan kuma ake zuga su daga gida: "Ka nemi aiki a irin shagon nan mana, ai halas ne a can." Halas a wajen jihar, laifi a wajen tarayya, kuma takardar zamanka a hannun tarayya take. A watan Afrilu na 2019 hukumar da ke ba da izinin zama ɗan ƙasa, USCIS, ta fitar da bayani ƙarara cewa shan wiwi ko aiki a harkarta na iya hana mutum cika sharaɗin kyawun hali, ko da jiharsa ta halatta. A wannan watan ne magajin garin Denver na lokacin, Michael Hancock, ya rubuta wa babban lauyan gwamnatin tarayya wasiƙa a kan mutum biyu mazauna birnin da aka hana zama 'yan ƙasa saboda sun yi aiki a wannan sana'a. Mutanen nan da takardunsu suke, jiha ce ta ba su izinin aikin, suna biyan haraji. Jami'i ya tambaye su, suka faɗi gaskiya, gaskiyar ta zama hujja a kansu. Ɗan ƙasa ya tsaya a bayan kanta ya sayar, a nuna shi a talabijin a kira shi ɗan kasuwa. Baƙo ya tsaya a wuri guda, ya rasa abin da ya yi shekaru yana jira, wataƙila ma ya je gida gaida mahaifiyarsa a tare shi a filin jirgi wajen dawowa.

Haka ma masu tuƙa tirela, sana'ar da 'yan uwanmu da yawa suka dogara da ita. Gwajin fitsarin direban babbar mota na ma'aikatar sufuri ta tarayya ne, bai san wata dokar Colorado ba. Aka ga alama a jikinka, an sauke ka daga mota, iyalinka kuma su ji a tukunya.

Tashar da ta iya nuna layin masu saye da ɗaurin daloli na tsawon awanni, me zai hana ta rubuta layi ɗaya a ƙasan allo cewa wanda ba ɗan ƙasa ba kada ya kusanci wannan aiki? Jihar da ke karɓar harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kowane cinikin wiwin nishaɗi, me zai hana ta tilasta wa shaguna su gaya wa mai neman aiki wannan kafin ya sa hannu? Ku kuma da ke gida, don Allah ku daina tura ƙannenmu cikin wannan rami. In yaro ya rasa takardarsa, ba ku za ku biya lauya ba, mu da muke nan ne za mu bi gida-gida muna haɗa masa kuɗi.