Hular ƙwaƙwalwa da masu lugude

Salamu alaikum. Na karanta labarin hular nan mai wayoyi, EEG, da ke ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa ta kan fatar kai, ba tsaga ba allura. Wai in mutum biyu suna motsi a kiɗa ɗaya, ƙwaƙwalensu ma sai su jera tare. Ni kam lugude ya faɗo mini a rai. A gidanmu nan Birni, Damagaram, Inna da abokiyar zamanta kan yi wata ba sa ga maciji, amma a turmi ɗaya taɓarensu ba su taɓa karo ba, har da cilli da tafi a tsakani. Tambayata ga malamanmu na jami'ar André Salifou: anya hular za ta zauna a kan mai daka? Ai motsi da zufa suna ɓata awon.