Tutar da na ɗauka ta jinjina ce

Duk mai riƙe sitiyari yana ganin kansa gwani, ni kuwa nawa ganin ya wuce misali. Da na ji filin tseren motoci kan ware rana domin 'yan koyo, kowa ya zo da motarsa ya zagaya, ba mai tsallaka titi ba mai zuwa ta gaba, sai na ba da sunana da niyyar in je in nuna musu yadda ake yi.

Tun a ƙofa aka fara rage min tsawo. Aka sa na kwashe komai daga motar, har caja da gorar ruwa, wai gora ɗaya in ta gangara ƙarƙashin birki magana ta ƙare. Aka ɗora min hular kwano, aka tara mu ana bayanin tutoci. Rawaya na ji ta: haɗari a gaba, rage gudu, kada ka wuce kowa. Ja ma na ji ta: an dakatar da zagaye, kowa ya lallaɓa ya koma. Daga nan hankalina ya tafi kan wani dattijo da ya zo da 'yar ƙaramar mota, ya tsuguna yana auna iskar taya da geji. Har tausayi ya ba ni.

Malamin tuƙin da aka haɗa ni da shi ya ɗaura bel ya ce, "Alhaji, birki kafin kwana, ba cikinta ba. Shiga a hankali, fita da gudu. Kuma inda idonka ya kalla, nan motar za ta."

Na ce, "Malam, ai mun daɗe a harkar."

Muna cikin zagaye, taya na ihu a kowace kwana, ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, sai ga wani ma'aikaci a gefe yana kaɗa min shuɗiyar tuta da iya ƙarfinsa. Na ce ashe akwai masu gane gwani. Na miƙa hannu ta taga na amsa gaisuwa. To shuɗiya dai cewa take wanda ya fi ka gudu na bayanka, kuma a wannan filin miƙa hannu ta taga izini ne ga na baya ya wuce. Motoci suka yi ta fice ni a jere, na gabansu dattijon nan, har da ɗaga min yatsa na godiya.

Malam ya ce, "Madalla, ka riƙe bayanin tutoci."

Na ce ai dama.

Zuciya ta ɗebe ni, na sa dattijo a gaba. Ina jinkirta birki sai na isa bakin kwana in danne shi da ƙarfi, motar ta yi waje, in rasa gudun fita, shi kuwa yana ƙara nisa ba ko ƙarar taya. Wani ƙauri ya fara tashi. A ƙarshen miƙaƙƙen layi na taka birki, ƙafata ta nutse har ƙasa kamar na taka soso.

"Sake ka sake takawa! Kalli hanya, daina kallon tsakuwa!"

Tsakuwar da aka zuba a gefen hanya na kalla. Nan motar ta je ta zauna. Rawayar tutar da aka ɗaga a wannan karon babu tantama tawa ce.

Da aka jawo mu, na kai hannu zan ja hambirki, dattijo ya daka min tsawa: "Kai yaro, bar shi! Faifan birki na da zafi, manne masa zai yi. Sa ta a giya." Ya tambaye ni yaushe rabon da in canza man birki. Na ce, "Baba, ana canza shi ne?" Ya dube ni, ya dubi Malam. Ashe man nan ruwa yake zuƙa daga iska a hankali. Irin man birkin da ake kira DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, in kuwa ya tafasa tururi kake takawa. Ya sa gejinsa a tayoyina ya rage musu iska, domin zafi ya ƙara ta. Malam kuma ya zaɓi wannan lokacin ya sanar da ni cewa inshorar mota ta yau da kullum galibi ba ruwanta da abin da ya faru a filin tsere.

Bakaniken filin ya zuba sabon mai. Da yamma na koma a tsorace, ina taka birki tun daga nesa, ina juya sitiyari da ladabi, ina jin kaina kamar ba tafiya nake ba. Da aka duba agogo, wannan zagayen na matsorata ya fi duk na safe sauri da sakan masu yawa. Na nemi a sake dubawa, aka sake, haka yake.

Na roƙi Baba ya buɗe min gaban motarsa in ga abin da ya ƙara wa injin. Ya buɗe, babu komai, yadda kamfani ya yi shi.

A hanyar komawa tsakuwa ta yi ta zubowa daga ƙarƙashin motar tana ƙwaras-ƙwaras. Da maiɗakina ta tambayi wannan ƙarar fa, na ce mata haka motocin tsere suke yi.